Jan Akushin Da Na Kai Gidan Su Suwaiba

Da sunan Allah nake buɗe baki, masu karatu, ina gaishe ku duk inda kuke riƙe da waya. Ku yi haƙuri da ni, ni ba mai saurin magana ba ne, kuma sai na faro daga tushe za ku gane yadda akushi guda ya kusa raba ni da yarinyar da nake so.

Sunana Maharazu, a Mairuwa nake zaune da mahaifiyata. Sassaƙa nake yi, amma ba irin ta gizago ba. Inji gare ni. Abokina Gide, bakanike, shi ya haɗa mani shi da tsohon injin markaɗe da bel da wasu ƙarafa da muka samo a Funtua. In na ɗaure guntun ice a bakinsa ya kama juyawa, sai in kanga mashi ƙarfe mai kaifi a hankali, ɓawon na zuba kamar taliya, har abin da ke raina ya fito. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mani. A waya na gani, na yi ta ɓata wa Inna itacen girki har hannuna ya faɗa.

Duk abin da nake yi kayan kyauta ne. 'Yan gwangwanayen turare masu murfi, mazubin kwalli, carbi, wurin jingine waya, da ƙananan turame da ake rabawa a biki. In zuba su a buhu in ɗaure a bayan mashin, in ci kasuwar Sheme, in ci ta Ƙanƙara, Sabuwa ma nakan leƙa in hanya ta yi lafiya.

A kasuwar Sheme na fara ganin Suwaibatu. Ta zo da ƙawarta neman abin da za su kai wa amarya. Atamfa ce a jikinta ruwan ganye, da mayafi ruwan toka, da jan lalle a yatsu. Ta ɗauki ɗan turmi ɗaya ta juya shi a tafin hannu.

"Malam, wanga mi ake dakawa ciki? Ko na aljanu ne?"

Na ce, "Na ado ne, Hajiya."

"Yo ni ban iya cin ado. Ba ka da abin da mutum zai yi amfani da shi?"

Na yi murmushi kawai. Amma ta saya, kuma sati na zagayowa ta dawo wai murfin gwangwanin ƙawarta ya ɓace. Daga baya ta faɗa mani babu murfin da ya ɓace.

Haka muka fara. Ni muryata nake tura mata a waya don rubutu na ba ni wuya, ita kuma ta rubuto, in zauna in karanta a nutse. Da tafiya ta yi nisa na fara zuwa zance ƙofar gidansu bayan la'asar, in juyo da sauran rana, kun dai san yadda hanyoyinmu suke yanzu.

Mahaifinta Malam Salihu hatsi yake sayarwa. Mutum ne mai sanyin hali, ya ce ba zai zaɓar wa ɗiyarsa miji ba, amma ba zai ba da ita ga wanda ba shi da sana'a ba. A nan matsalar take. Akwai yayarsa, Gwaggo Hajara, wadda tun rasuwar mijinta ta dawo gidan, ita ta raini Suwaiba tun tana goye. Gwaggo tana da nata ɗan takarar, wani mai shagon taki. Ni kuwa sunan da ta sa mani shi ne "mai kayan wasan yara".

Wata rana Suwaiba ta rubuto: "Yau Baba ya ce yaron nan yana da ladabi, amma shi bai ga abin da yake sassaƙawa ba wanda za a ci tuwo a ciki."

Na karanta ya fi a ƙirga. A gida ma Inna ba ta bar ni ba.

"Kai dai kullum gurrr, gurrr, ka cika mani tsakar gida da ƙura. Sa'o'inka duk sun aje iyali. In mutanen nan ba su ba ka, ka faɗa mani in nema maka a dangi."

Na ce, "Inna, a ƙara mani haƙuri."

Ranar na ƙudura a raina sai na yi wa Malam Salihu akushin da ba a taɓa ganin irinsa a Sheme ba.

To ice ne ya zama aiki. Da can mutum ya shiga daji ya zaɓo abin da yake so, yanzu kuwa wa zai shiga? Sai abin da ya faɗi a bakin titi ko cikin gari. Ana haka iskar farkon damina ta karya wani babban reshen maɗaci a bayan makarantar firamare. Da na sare shi na ga cikinsa ja wur, da wasu layuka kamar an zana, na ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo.

Ban taɓa shan wahalar aiki kamar wannan ba. Na fafe cikinsa, na yi mashi murfi mai ɗan kai a sama, na zagaya bakinsa da zobe uku. Na bi shi da samfefa har sai da yatsuna suka yi sulɓi, na shafe shi da man kaɗe. In ka ɗaga shi a rana sai ka ga fuskarka. Guntun da ya rage na yi ɗan ƙaramin kwano da shi na aje wa Inna.

Na sa farar shaddata ta sallah da hula zanna, na naɗe akushin a sabon ɗankwali na kai. Suwaiba ta fito da doguwar riga baƙa mai duwatsu a wuya. Da ta buɗe sai ta shafa murfin da yatsa.

"Kai ka yi wanga?"

"Kin ce ba ki iya cin ado."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta shige da shi ciki. Na dawo Mairuwa ina jin kamar mashin ɗin ba ya taɓa ƙasa.

Washegari da hantsi ina cikin aiki wayata ta yi ƙara. Saƙo ne.

"Maharazu kana ina?"

Kafin in amsa wani ya shigo.

"Don Allah ka faɗa mani gaskiya, mi ka sa a akushin?"

Na kashe inji. Na tura murya na ce man kaɗe kaɗai, lafiya? Sai ga muryarta, tana magana ƙasa-ƙasa, da alama a bayan ɗaki ta ɓuya.

Ashe Baba ya yi murna da akushin ƙwarai. Ya sa aka dama fura a ciki da safe aka rufe, don yana da baƙi, abokan kasuwancinsa daga Ƙanƙara. Da suka zo ya sa aka fito da shi zaure, yana ta nuna masu, wai aikin wani yaro ne mai neman ɗiyarsa. Babban baƙon, Alhaji Mas'udu, ya kai ludayi baki, ya yamutsa fuska, ya tashi ya fita waje ya tofar. Baba ya ɗanɗana. Ɗaci kamar an matse shuwaka a ciki.

"Gwaggo ta ce asiri ne," in ji Suwaiba. "Ta ce magani ka jiƙa akushin da shi don ka kama bakin Baba. Ta ce ga shaida nan, tun jiya Baba ba ya da zance sai naka. Ta hana ni fita, ta ce har ni sai an yi mani rubutu na sha. Baba ya ce ka zo gobe bayan azahar."

Masu karatu, na zauna a kan buhun ɓawo na rasa abin da ke mani daɗi. Ni da ko layar wuya ban taɓa ratayawa ba. A garuruwanmu in aka ce saurayi ya yi wa uban yarinya asiri, ba wannan gidan kaɗai ya rasa ba, duk unguwar ya rasa.

Gide ya zo ya same ni a haka. Da na gaya mashi sai ya ce, "Kai ma dai! Ka ce nonon ne ya lalace. Ko gero ne ya yi ɗaci, ba shi ke saida hatsi ba? Wa zai iya tabbatarwa?"

"Suwaiba ce ta dama furar, Gide. In na ce haka a kanta zai koma."

"To sai ka zauna a ce maka boka."

Inna tana jin mu daga madafa. Ta fito tana goge hannu a zani, ta ce in kawo mata ɗan kwanon da na ba ta, wanda ta aje a kan kwalla tana jin tausayin amfani da shi. Ta shinshina, ta zuba ruwan randa ta rufe da faifai. Bayan mun yi azahar ta miƙo mani.

"Sha."

Na kurɓa. Sai da hawaye suka zo mani.

"Wane ice ne wanga?"

"Maɗaci ne, Inna."

Ta tafa hannu, ta kama haɓa. "Innalillahi! Maharazu, maɗaci? Ka taɓa ganin wanda ya ci tuwo a maɗaci? Ƙofa ake yi da shi, da kujera, da gado. Akushi ai da icen danya ake yin shi, ko yaron masassaƙa ya san haka. Wayar taka ba ta gaya maka ba?"

Ba ta gaya mani ba. Mutanen da nake kallo a waya ba su san maɗaci ba, ni kuma ban taɓa yin abin da za a zuba abinci a ciki ba. Turare da kwalli ba su kai ƙara. Kyawun jan ne ya rufe mani ido, ban ko tambayi wani tsoho ba.

Inna ta gama faɗanta, sai kuma ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Daga baya ta dube ni.

"Ka tahi ka faɗa mashi yadda abin yake. Kada ka ƙara, kada ka rage. In rabonka ce babu mai hana ka."

Washegari na isa Sheme ana fitowa daga masallaci. Ban sa shadda ba, rigar aikina na wanke na sa. Malam Salihu na zaune a zaure kan buzu, akushin na gabansa a rufe. Ƙofar cikin gida a buɗe take kaɗan, ina hango gefen hijabi ruwan ƙasa a bayan labule. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau, Maharazu. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

Ya buɗe murfin. Fura ce cike, an dama tun safe. Ya tura mani ludayi.

"Bismillah."

Na gane. Na yi bisimilla na kai baki. Wallahi ɗacin har cikin kunne na ji shi, amma na haɗiye. Na ƙara. Na ƙara. Ina ta sha, ido na ruwa, har Baba ya ɗaga hannu.

"Ya isa, kada ka kashe kanka a zaurena."

Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "Yo ai mai magani shina da makarinshi. Wa ya san abin da ya sha kahin ya taho?"

"Yaya, bari yaron ya yi magana."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ban sa komai ba sai man kaɗe. Icen ne. Maɗaci ne, na ga ya yi kyau na yi aiki da shi, ban san ba a cin abinci a cikinsa ba sai jiya da mahaifiyata ta gaya mani. Rashin sani ne, da kuma rashin tambaya. Na ba ka kunya a gaban baƙinka, ka yafe mani."

Na fito da ɗan kwanon Inna da guntun reshen da ɓawonsa a jiki, na aje a gabansa. Baba ya ɗauki guntun, ya ɓantari ɓawon da farce ya sa a harshe. Ya ɗaga akushin ya kankari gindinsa da 'yar wuƙa ya ɗanɗana. Sai na ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi, yana ƙoƙarin danne ta.

"Maɗaci! Kai yaro, Allah ya shirye ka. Alhaji Mas'udu har yanzu bai ɗauki wayata ba."

Zuciyata ta ɗan kwanta. Amma sai ya daina dariyar, ya gyara zama.

"Ni na yarda da kai. Amma ka ji inda gizon yake. Zancen ya riga ya fita, mata sun kai shi rijiya, sun kai shi gidan suna. Yau in na ce na ba ka Suwaiba, gobe garin ga duka za su ce maganin ya ci. Ita za a riƙa nunawa, ba kai ba. Ka gane?"

"Na gane, Baba."

Na yi gaskiya, an kuma yarda da ni, amma ga shi yardar ce ma ta zama abin zargi.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Injin nan naka, shina ɗaukuwa?"

"Yana ɗaukuwa, Baba. Da fetur yake aiki."

"To. Akwai gungumen icen danya a bayan rumbuna, tun bara aka sare, ya bushe. Nawa ne, daga gonata ya hito, hannunka bai taɓa shi ba. Ka kawo injin ka kafa shi nan ƙofar gida ranar da ba kasuwa, kowa na gani. Man da za ka shafa daga ɗakin Yaya zai hito. In ka gama, Yaya ce za ta fara sha a ciki. In ta ce babu ɗaci, ka turo magabatanka."

Labule ya motsa da ƙarfi.

"Ni? Ni za ka sa a gaba, Salihu?"

"Wa ya fi ki ido, Yaya? In ke kika ce lahiya, wa zai ce ba lahiya ba?"

Gwaggo ta yi tsaki. "To zan zauna kau. Tun daga sarar farko har ta ƙarshe ina wurin. Ko tari ya yi a kan icen sai na gani."

Ban kai bakin titi ba saƙon Suwaiba ya shigo: "Na ji komai ta taga. Wai da gaske ka sha rabin akushi?" Na tura mata murya na ce har yanzu ban san ɗanɗanon yawuna ba. Ta turo fuskokin dariya jere, a ƙasa ta rubuta: "Allah ya ba ka sa'ar Gwaggo. Ni ina nan."

Ranar da aka sa, ni da Gide muka ɗauko injin a bayan a-kori-kura muka kafa shi gindin dalbejiyar ƙofar gidan. Kafin mu gama ɗaure bel mutane sun taru, masu wucewa gona sun tsaya da fartanya a kafaɗa, mata na leƙe ta kan katanga. Baba ya sa aka mirgino gungumen. Fari ne, mara nauyi, ba shi da kyan maɗaci ko kaɗan. Na ɓantari gefensa na sa a baki a gaban kowa, aka yi dariya.

Sai ga Gwaggo Hajara da 'yar kujerarta da kwalbar man shanu a hannu. Ta dasa kujerar dab da injin, kusan gwiwarta na taɓa shi.

"Gwaggo, ƙura za ta dame ki, ki ɗan ja baya."

"Ka ji shi ko? Tun yanzu ya fara korata. Turo hannuwanka in gani."

Na miƙa. Ta duba tafi da baya, ta sa na zazzage aljihu, ta sa na wanke hannu da ruwan butarta.

"Yi bisimilla da ƙarfi, in ji."

Na yi. Gide ya ja igiya, inji ya tashi. Na kanga ƙarfe, farin ɓawo ya fara tashi yana sauka a kan hijabinta. Da farko tana kakkaɓewa tana mita. Can na lura ta daina. Ta zuba wa icen ido yana juyawa, yana rage ƙiba, gindi na fitowa, baki na buɗewa. Har ta ɗan karkato gaba, bakinta a sake. Wata maƙwabciya ta yi mata magana ba ta ko ji ba.

Da na ga siffar ta fito na kashe inji don in yi shirin fafe ciki. Na yi shi daidai cin mutum ɗaya, kamar wancan, tunda na Baba ne. Gwaggo ta miƙo hannu ta gwada faɗinsa da tafinta, ta yamutsa fuska.

"Wanga ɗan mitsitsin? Shi zan jera a kayan ɗakin ɗiyata, dangin miji su zo su yi mani dariya? Akwai sauran ice, ka sake wani babba."

Kowa ya juyo yana kallonta. Baba ya sunkuyar da kai yana gyaran murya. Gide ya taka mani ƙafa. Daga cikin gida na ji wani abu ya faɗi, kamar kwano ya suɓuce daga hannun wata.

Gwaggo ta dubi mutane, ta dube ni, ta ja hijabi ta gyara zama.

"Mi kuke kallona? Ni ban ce komai ba. Sai na ɗanɗana tukuna. Kai kuma tada injinka, rana na yi."